Talabijin ɗin da Ba a Haɗa Wayarsa Ba

Da aka sauko sallar azahar, Malam Yahya ya ɗauki ƙaramar ɗiyarsa Ikhlas a mota, suka bar Mairuwa zuwa Kankara. Ba wata babbar hidima ba ce. Talabijin na yara zai sa a mota, irin ƙananan nan da ake maƙalawa a bayan matashin kujera, yaro ya zauna baya yana kallon katun ɗinsa.

Matarsa Barakatu ta rako su har zaure. Ba ta ce kada ya je ba, ba ta kuma ce Allah ya kiyaye da fara'a ba. Cewa kawai ta yi, "Don Allah, Malam, kada magariba ta riske ku a hanya da yarinyar nan."

Ta san dalilin tafiyar, shi ya sa idonta ya yi ja.

Babbar ɗiyarsu ce ta roƙi talabijin ɗin. Sunan mahaifiyar Yahya aka sa mata, don haka kowa Dada yake ce mata. Ta taɓa gani a motar kawunta a wani biki, daga ranar ba ta sake barin ubanta ya huta ba. A bayan kujerar direba take zama kullum, tana dukan kujerar da ƙafa, tana cewa, "Baba, nan za a sa mani nawa." Shi kuma ya ce, "Ki bar harbina, ja'ira. Bari kaka ta yi, a sayar da masara."

Kaka ta yi, masara ta yi kyau. Dada ce ba ta kai ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta tsakiyar damina, aka rufe ta ana yayyafi. 'Yar fari ce, kunya ta hana Yahya ko da share ido gaban mutane. Ya haɗiye abinsa, abin kuwa ya zauna masa a ƙirji.

Ikhlas kuwa ba a gaya mata ba. Yarinya ce ƙarama, aka yi mata abin da aka saba yi wa yara. Aka ce Yaya Dada ta yi tafiya, tana Sabuwa wurin Gwaggo, za ta dawo. Kai, mu ma dai da abin haushi muke! Mu ga kamar tausayi ne, alhali yaro muka bari tsaye bakin ƙofa yana jira.

A Kankara wurin Ɗanliti suka je, mai gyaran wutar mota, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko yana cizon waya. Ya zaro kwali daga ƙarƙashin benci ya busa ƙura.

"Biyu suke zuwa, Malam, ba a raba su. Yaran nawa ne?"

"Biyu," in ji Yahya.

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Ɗaya za ka haɗa. Na bayan direba ka bar shi."

Ɗanliti ya dube shi, ya gane, surutun ya ɗauke. "To, bari in sa shi dai don kujerun su yi daidai, amma ba ni ba shi wuta."

Haka aka yi. Ya cire tsofaffin matasan kai, ya zura sababbin, ya bi da waya ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa har gidan fiyus. Na gefen Ikhlas ya haɗa shi da makulli, in an kashe mota shi ma ya mutu. Ɗayan kuwa a gaban idon Yahya ya naɗe bakin wayarsa da baƙin salatef, ya cusa ta cikin rigar kujera. Amma aiki ya ƙi sauri. Fiyus ya ƙone, aka aika nemo wani, aka ɗauke wuta, aka jira a tada janareto. Kafin katun ya fito a gilashin, rana ta yi ja, hayaƙin masu suya ya cika layin.

Ikhlas tana can tana wasa da murafan kwalba. Yahya ya buɗe ƙofar baya, ta gefen direba, ya riƙe ta, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

"Dada! Ikhlas! Ku shigo mu tahi gida!"

Ladan ya soma kiran salla a masallacin tasha.

Ɗanliti ya aje abin da ke hannunsa. A hankali ya ce, "Malam, wa ka kira?"

"Baki ne ya suɓuce."

"Da magariba? Ƙofa buɗe?" Ya matso, ya rage murya. "Ka san matacce ba shi amsawa. Amma akwai masu amsa mashi. Ku kwana nan mana, ga ɗaki."

Yahya ya ce uwar Ikhlas za ta tada hankali. Ya yi salla a gurguje, ya tura ƙofar da gwiwa, ko bisimilla bai yi ba, ya ja mota.

Hanyar Kankara zuwa Sheme ba hanyar da ake tsayawa ba ce in rana ta faɗi, kowa ya san halin da ake ciki da mutanen daji, 'yan bindigar nan. Motoci sun ɗauke. Gonaki sun zama fili, sai karan dawa a tsaye da buntun masara da aka tara. Sauran jan gari yana ta dusashewa ta yamma. A baya katun yana ta ƙiriniya, Ikhlas tana ƙyalƙyala dariya.

Abin da ke ga talabijin na baya shi ne, direba ba ya ganinsa. Yana bayan kansa. Iyaka ya ga haskensa a fuskar yaro ta madubi. Yahya ya riƙa satar kallon fuskar Ikhlas, shuɗi da kore suna wasa a kumatunta. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun kafin damina.

Sun yi nisa a hanya sai ya ji ƙamshin ƙasa.

Jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta sabon ruwa. Alhali rabon sama da zubar da ko ɗigo an daɗe. Ya ɗaga gilashi. Ƙamshin ya ƙaru. Ashe daga cikin motar yake.

Sai dariya ta zama biyu.

Ya ce a ransa katun ne. Ya kasa kunne. Ɗaya ta Ikhlas ce, siririya. Ɗayar tana da ɗan shaƙewa a ƙarshe, kamar mai shirin tari. Ya san dariyar nan. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Dum.

Wani abu ya daki bayan kujerarsa, daidai ƙugu.

Dum. Dum. Ƙananan ƙafafu.

Ya ɗaga ido ga madubi. Haske biyu ne a kujerar baya. Ɗaya a fuskar Ikhlas. Ɗayan yana fitowa daga bayan kansa, daga talabijin ɗin da ba a ba wuta ba, fari fat, ba launi. Kuma ba a kan kujera yake sauka ba. A kan wani abu yake sauka, mai tsayin yarinya, mai kitso biyu.

"Baba," in ji Ikhlas, murna kamar ta tashi sama, "Yaya Dada ta dawo daga Sabuwa!"

Ko ɗigon tsoro babu a muryarta. Mi za ta ji wa tsoro? Su suka ce mata za ta dawo.

"Baba."

Wannan ba Ikhlas ba ce. Numfashin ya taɓa ƙeyarsa, sanyi ƙalau.

"Baba, ka cika alkawari. Na gode."

Hawayen da ya ɓoye tun damina suka ɓalle. Hanya ta zama ruwa-ruwa a idonsa. Wallahi ya san ba ita ba ce. Da hannunsa ya karɓe ta ya kwantar a kabari, da hannunsa ya jera itace. Amma bai taka birki ba, bai yi addu'a ba. So yake ya ƙara jin muryar ko sau ɗaya. Allah ya yafe masa, har sassauta gudu ya yi don hanyar ta yi tsawo.

"Dada," ya ce da raɗa, "kin sha wuya ko?"

"Ni kaɗai ce can, Baba. Ba mai wasa da ni."

Katun ya ci gaba da tsalle-tsallensa.

Sai ya ji raɗar ta juya gefe.

"Ikhlas, taho ki ga inda nike. Nan kusa ne. Buɗe ƙofa."

Ƙwas.

Maɓallin ƙofa ya ɗaga.

Ta madubi ya ga hannun Ikhlas a kan mariƙin. Ɗayan hannunta yana miƙe a iska, yatsun a dunƙule, kamar an riƙe su. Iska ta fara shigowa da fito. Mota tana gudu.

"Ikhlas! Saki!"

Ya taka birki da ƙarfinsa duka. Taya ta yi kuka, mota ta ja gefe, ta tsaya a bakin wata gona. Ya juya ya fizgo yarinyar ta tsakanin kujeru. Da nauyi ta taho, kamar ana ja ta can. Ya ƙanƙame ta a ƙirji. Hannunta na hagu sanyi kamar randa.

Ya kashe mota. Talabijin ɗin Ikhlas ya mutu nan take.

Ɗayan bai mutu ba.

Ba kukan tsuntsu, ba na gyare. Sai ƙarar yayyafi, siririya, daga bayan kujerarsa.

Shi ya buɗe ƙofar nan, shi ya kira. Ya san ba mai sallamar baƙon sai shi.

Ya fito da Ikhlas a kafaɗa, ya danna fuskarta a wuyansa. Ya kama ƙofar baya ya buɗe.

Kujerar ba kowa. Amma ta lotsa, kamar an zauna. A gilashin talabijin ɗin hoton ruwa ne ke sauka a kan sabon tudun jar ƙasa, irin na kabari.

"Fita," ya ce. Muryar ba ta fito ba. Ya sake. "Fita."

"Baba, ni ce."

"Ɗiyata tana maƙabartar Mairuwa. Ni na sa ta da hannuna. Ke ba ita ba ce."

"Baba, duhu ya yi. Tsoro nike ji. Kada ka bar ni."

Abin da ta faɗa ke nan a daren ƙarshe, a gadon asibiti, kalma da kalma.

Ikhlas tana ta dukan bayansa tana ihu, "Baba, ka bar ta! Ka bar Yaya!"

Ya rufe ido ya kama Ayatul Kursiyyu. Yana karantawa yana kuka, harshe yana sarƙewa, yana komowa baya.

Kukan yarinyar ya yi ta tashi. Ya yi ta kauri. Ya koma wani abu da maƙogwaron ɗan Adam ba ya iya fitarwa.

Kujerar ta ɗago a hankali.

Wani sanyi ya goge shi ya wuce. Karan dawa suka riƙa kwanciya a jere, ana ratsa su, har cikin duhun gonar.

Gilashin ya mutu.

"Bismillahi," ya ce, ya rufe ƙofar. Motar ta yi ta tari ta ƙi tashi, sai da ya fid da rai sannan ta kama. Bai sake kallon madubi ba. Daga nesa, ta baya, ana ta kiran "Baba, Baba," har suka hango fitilun Sheme.

Washegari Barakatu ta ga sawun ƙananan ƙafafu na jan laka a bayan kujerar direba. Ba ta tambaya ba. Ta ɗebo ruwa ta wanke, tana yi tana share ido da gefen zane. Yahya ya cire talabijin ɗin duka biyu. Wayar nan tana nan yadda Ɗanliti ya naɗe ta, ko salatef ɗin bai motsa ba. Ikhlas ta kwanta zazzaɓi, aka yi ta tofi da rubutu, Allah ya tashi kafaɗunta. Amma ta daina yi wa ubanta magana. In ya shigo sai ta juya wa bango fuska.

Ranar da ta buɗe baki, yana zaune a tabarma da hantsi. Ta zo ta tsaya a gabansa.

"Baba, don mi ka sauke Yaya Dada cikin daji? Tana ta kuka."

Barakatu ta leƙo daga madafa da sauri. "Ai ta koma wurin Gwag..."

"A'a," in ji Yahya. "Ya isa."

Ya sa wa yarinyar takalmi, ya kama hannunta, suka bi ta bayan gari har bakin shingen maƙabarta. Ya ɗaga ta, ya nuna mata wani ɗan ƙaramin tudu da ciyawa ta bushe a kai.

"Ga Yayarki can. Ba ta je Sabuwa ba. Ta rasu, Ikhlas. Ƙarya muka yi maki. Ba za ta dawo ba, ko wa ya kira ki da muryarta, kada ki amsa."

Ta daɗe tana kallon tudun.

"Ko an sa mata talabijin?"

"Ko an sa mata."

Sai ta fashe da kukan da ya kamata ta yi tun damina. Shi ma ya zauna nan ƙasa, mutane suna wucewa suna kallo, ya taya ta.

Har yau motar tana nan, yana zuwa kasuwa da ita. Ikhlas gaba take zama. In ya zo fita, ya kan buɗe baki zai kira, sai ya tsaya, ya haɗiye sunan farko, sannan ya kira na biyun.