Ƙusa a Bangon Zanen Yara

Kafinta mutum ne mai zargi, ko akuya ce ta kalle shi sai ya ce aiko ta aka yi. Amma yana son autarsa kamar ransa. Dominta ya yarda ya yi wa cibiyar matasan unguwa aiki kyauta, ya kafa allon katako a bangon zaure inda za a riƙa liƙa zanen yara. Auta ba ta da aiki sai zane, ko bayan kwalin sabulu ba ta ƙyalewa.

Ran farko da yamma ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yadda ya saba. Ko'ina tauri, sai wuri guda can ƙasa da ya amsa kamar tulu. Magariba ta kawo kai, shi kuma yana sauri. Bakinsa cike yake da ƙusoshi, irin riƙon kafintoci, don haka bai samu yin bisimilla ba. Ya ɗora ƙusa ya buga. Ta shige da wani irin laushi da bai so ba.

Washegari ya tarar zanen Auta, wanda ya liƙa a sama da hannunsa, ya dawo ƙasa, rataye a waccan ƙusar. Ya mayar da shi. Gari ya sake wayewa, haka dai.

"Baba maigadi, kai kake taɓa min aiki?"

"Ni da ko shara ba na yi kusa da bangon nan," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba.

Kafinta bai yarda ba. Ya koma zargin malamar da ke koyar da zane a cibiyar, wai 'ya'yan masu hali take so a sama. A gida kuwa Auta ta daina magana. Ta juya wa kowa baya tana kallon bango, ba ci, ba barci. Uwarta ta ce zazzaɓi ne. Shi ya ce wani ne ya ɓata wa 'yarsa rai, kuma sai ya kama shi.

Da aka tashi daga cibiyar ran nan, ya laɓe bayan tarin katako. Zauren ya yi tsit. Warin fenti ya gushe, wani ƙauri ya taso, kamar gashi ya faɗa wuta.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga cikin bangon ake ƙwanƙwasawa.

Takardar Auta ta saki. Ta riƙa zamewa a hankali har ta tsaya kan ƙusar. Babu hannun kowa.

"Kafinta." Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa. "Ka shigo mana ba sallama. Ƙarfenka na cikin kafaɗar ɗana."

"Ban sani ba, baiwar Allah."

"Nawa bai runtsa ba, taka ma ba za ta runtsa ba. Cire."

Ya rarrafa wurin ƙusar, filaya a hannunsa. Ya yi bisimilla. Ƙusar da ɗumi, kuma a jiƙe take. Tana fita, wani ya yi ajiyar zuciya a cikin bango.

Sai takardar ta fara shigewa ramin ƙusar.

Ya cafke ta. Aka ja, ya ja.

Sanyi ya hau yatsunsa, ya kai gwiwar hannu.

Takardar ta yage.

Bai san yadda ya kai ƙofa ba. Maigadi ya buɗe masa, bai tambaye shi komai ba.

A gida ya tarar da Auta tana cin abinci, tana ba uwarta labari. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, rabin takardar dunƙule a hannunsa.

Allon yana nan, an mayar da shi wani bango, cike da zanen 'ya'yan mutane. Na Auta ne kawai babu. Kafinta ya sayo mata kaloli da takardu masu kyau, ya zube a gabanta. Ta ɗauki ja, ta jujjuya shi.

"Baba, me ake yi da wannan?"