Sarauniyar da Aka Zaunar a Baya

A wani zamani, a wata ƙasa ƙarama, an yi wata sarauniya. Wata rana ta je taron sarakunan duniya, aka zaunar da ita can baya. Kujerun gaba na masu makamin ƙare-dangi ne, makamin da ke cinye birni a ƙiftawar ido.

Ta dawo gida ranta a ɓace. Waziri ya ce, "Ranki ya daɗe, mu ma mu ƙera namu. Masananmu za su iya."

Ta ce a fara shiri. Amma da zuciyarta ta huce, sai ta kira shi.

"Waziri, wa za mu harba wa? Mutanen gabas?"

"A'a, su ke sayen albasarmu."

"Mutanen yamma?"

"A'a, can ƙanwarki take aure."

"To, don me za mu ƙera shi?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Don a zaunar da ke a gaba."

Ta ce, "A fasa. Daga baya ma ina jin abin da ake faɗa."

Ba a jima ba sai ga jakadan gabas, idanunsa sun yi ja.

"Ranki ya daɗe, mun ji kun fara, shi ya sa mu ma muka fara."

"Mun fasa."

Jakada ya sauke dogon numfashi. "To, mu ma mun fasa. Dama tsoron naku ne ya sa muka fara, har ya hana mu barci."

Aka kawo masa fura mai sanyi ya sha. Kafin a ɗauke ƙwaryar, barci ya kwashe shi a zauren. Sarauniya ta ce kada kowa ya tashe shi.