Waya A Cikin Safa

"Ke wace ce? Me wayarsa take yi a hannunki?"

Auta ce ke wannan tambaya, tana tsaye a tsakiyar shagonta na saƙa, jan zare ya naɗe mata yatsa har ya shata, ba ta ma ji ba.

Muryar da ta amsa ta mace ce, mai sanyi, ba gaggawa a cikinta.

"Baiwar Allah, mai wayar ya shiga lodi. In ya fito zan ce kin kira."

"Ba shi wayarsa."

"To ai ba ya nan..."

Auta ta katse kiran. Ta zauna a kan kujerar injin saƙa.

Mai wayar shi ne Dogo, direban tankar mai, shekararsa goma sha ɗaya a kamfani guda. Saura wata biyu aurensu. Kafin a kai nan an sha fama, don Baba cewa ya yi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da kwana biyu kacal yake yi a gida a mako ba. Sai da Dogo ya yi shekara yana zuwa gaisuwa, yana durƙusawa da wannan tsawon nasa har ƙasa, sannan tsohon ya sauko.

Kusa da shagon Auta akwai mai sayar da wayoyi da gyaransu, kowa Mai Waya yake ce masa. Shi ya fara neman ta, ta ce a'a. Bai yi fushi ba, murmushi ya yi ya ci gaba da kirki. Irin waɗannan su ne abin tsoro, amma yarinya ba ta sani ba.

Shi ne ya haɗa musu wayoyinsu. Duk inda Dogo yake, wani shuɗin ɗigo zai nuna shi a kan taswira a wayar Auta.

A yi wa abin adalci, ya yi rana. Wata Laraba tankar ta mutu a wani daji da ba kowa, katin waya ya ƙare wa Dogo, ruwan shansa ma ya ƙare. Auta ta ga ɗigo ya yi awa uku bai motsa ba, ta nemo bakanikensu ta kwatanta masa wurin daidai. Da Dogo ya dawo cewa ya yi, "Zuciyata, yau da ba don idonki ba da ungulu ta yi biki."

Daga ranar ta jingina wayar a jikin injin saƙa.

Hannu na tura inji, ido na kan ɗigo.

In ya tsaya shan shayi ta kira. In ya tsaya salla ta jira minti goma ta kira. Rigunan sanyi na 'yan makaranta guda ashirin ta saƙa da hannun hagu ya fi na dama tsawo, sai da ta warware su duka. Yayarta ta zo ta gani, ta riƙe baki.

"Auta, yaran makarantar nan duk shanyewar ɓarin jiki gare su?"

"Yaya, ki bari."

"Na bari. Amma mutum za ki aura ko ɗigo? Ki riƙa kifa abin nan ko na awa biyu ne, ki huta shi ma ya huta."

Ba ta kifa ba.

To ranar da macen nan ta ɗauki waya, Mai Waya ya leƙo ya tarar da Auta tana share hawaye da gefen mayafi.

"Subhanallahi, maƙwabciya, wa ya rasu?"

Ta miƙa masa wayar. Ya sa yatsu biyu ya buɗa taswirar, ya buɗa, har rufin gine-gine ya fito.

"Kin ga wannan ƙaton filin mai tankuna? Shi ne daffo, inda suke ɗaukar mai. Ɗigon kuwa ga shi nan ƙetaren titi." Ya matso mata da wayar. "Wannan ai rufin gida ne."

"Ta ce ya shiga lodi..."

"To. Tunda ta ce." Ya ajiye mata wayar a hankali. "Duk Alhamis nan yake tsayawa, ko? Awa huɗu. Ni dai ban ce komai ba, kar a ce ina da wata manufa."

Washegari da la'asar Dogo ya zo, da warin mai a rigarsa da ledar lemo a hannu. Ya sunkuya ya shigo shagon yana dariya.

"Rabin raina, an ce kin tsorata mana uwar ɗaki."

"Uwar ɗakinka ce ashe."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye ledar.

"Ki saurara. Daffo ba a shiga da waya. Ko ashana, ko sigari, ko takalmi mai ƙusa. Wurin lodi iskar ma mai ce, ƙyastu ɗaya ya isa a tashi unguwa. Matar nan shago gare ta a bakin gidanta, mu direbobi duk wurinta muke barin wayoyi, ta sa mana caji kafin mu fito."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ban ɗauka labari ba ne. Na taɓa faɗa miki inda nake ajiye takalmi a masallaci?"

"Na gani da idona, Dogo. Gida ne."

"Waya kika gani. Ni ba kya ganina."

"Muryarta ba ta mai caji ba ce."

"Yaya muryar mai caji take?"

Kuka ya ƙwace mata. Shi kuwa duk duniya ba abin da ya tsana kamar kukanta. Ya durƙusa a gaban injin, har a hakan kansa ya kusa kai kafaɗarta.

"Zuciyata, me kike so in yi?"

"In na sake kira mace ta ɗauka, kar ka sake zuwa gidanmu."

"Auta..."

"Na gama magana."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "To," ya tashi ya fita. Har lemon bai ce ta sha ba.

Alhamis ta zagayo. Tun hantsi Auta ta kasa saƙa ko layi ɗaya. Ta ga ɗigo ya iso bakin titin nan, ya ɗan tsaya... sai ya tsallaka.

Ya shiga cikin filin mai tankuna.

Wani sanyi ya ratsa ta. Ashe da gaske lodi yake shiga. Ashe saboda ita zai iya. Ta ruga shagon maƙwabci da wayar a hannu kamar mai kai albishir.

"Ka gani? Yana cikin daffo."

Mai Waya bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba.

"Wayar tana ciki dai. Ai ko abokinsa zai iya ba wa ya shiga da ita." Ya hura ƙura daga allon. "Da ni ne, kira zan yi in ji muryarsa. Amma ke kika sani."

Ta koma shagonta. Ta zauna. Ta tashi. Ta tuna maganar ashana, ta ture ta gefe. Kira ɗaya ne, ta ce a ranta, in ji ya ce zuciyata in kashe.

Ta danna.

Ta yi ƙara sau ɗaya.

Sau biyu.

Aka katse.

Tana kallo ɗigon ya taso daga tsakiyar filin, ya taho a hankali har bakin ƙofa. Nan ya ɓace.

Juma'a shiru. Asabar shiru. Wayarsa a kashe, ɗakinsa da kwaɗo. Ranar Lahadi da safe ta shiga mota har bakin gari, inda tankoki suke jere kamar ba su da ƙarshe.

Ta gane rufin. Gida ne kuwa, amma an fasa bangon gaba an yi shago. Ciki katako ne hawa-hawa, wayoyi sun fi arba'in a jere, kowace da igiyar caji da ɗan kati mai lamba. Wata dattijuwa mai tabarau da furfura a goshi tana karɓar wayar wani direba tana ba shi kati.

"Sannu, Mama. Ina neman..."

"Ke ce." Muryar nan ce mai sanyi. Matar ta sauke tabarau ta dube ta sama da ƙasa. "Mai kira sau goma sha bakwai kafin in ɗauka. Zauna, 'yata."

Auta ta zauna a bakin benci.

"Ranar Alhamis ya zo ya gaishe ni, bai ba ni waya ba. Na ce Dogo kawo. Ya ce yau ya manta ta a gida. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa min ƙarya ba, sai da ya kau da kai sannan ya iya. Ashe a safa ya cusa ta."

"A safa..."

"Masu bincike sun saba da shi, aljihu kawai suka shafa. Yana saman tanka, bututu na zuba, abu ya hau kuka a ƙafarsa. Aka danna jiniya, aka tsayar da lodin daffo gaba ɗaya, mutane na gudu suna faɗuwa. Allah ya tsare, ba abin da ya kama. Amma a gaban kowa aka karɓe katin shigarsa aka karya. Kamfani ya sallame shi a ranar. Sunansa kuma an aika duk daffon da ke ƙasar nan, ba zai sake jan tankar mai ba."

Matar ta sa wata waya a caji, ta ci gaba.

"Na yi mamaki da ba a faɗa miki sana'ata ba. Maƙwabcin nan naki mai gyaran waya ai shi ke kawo min igiyoyin caji duk wata. Har wasa yake da ni, wai na fi shi yawan wayoyi."

A mota ta dawo ba ta san hanyar da aka bi ba. Ta wuce ta gaban shagon Mai Waya, ya ɗaga mata hannu. Ba ta zage shi ba. Yatsan da ya danna kiran nata ne.

A gida ta durƙusa gaban Baba ta faɗi komai, ba ta rage ba. Ta zaci zai ce dama ya faɗa. Tsohon ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

"Jiya ya zo nan," ya ce. "Ya ce min aiki ya ƙare, laifinsa ne, ya karya doka. Ko sunanki bai kama ba. Na ce masa ba aiki na ba wa 'yata ba, shi na ba wa, aure yana nan." Ya ɗago. "Ya yi godiya, ya ce a yafe masa, ya janye. Da ina ganin ya yi miki kaɗan, Auta. Na yi kuskuren lissafi."

"Baba, ina yake?"

"Gobe da safe zai tashi. Ya sami aikin jan tipar yashi a wani gari mai nisa."

Da sassafe ta same shi a tasha, zaune a kan jakarsa, ana ɗaure kaya a saman mota. Ya rame a kwana huɗu. Da ya gan ta ya miƙe, don bai taɓa yi mata magana daga zaune ba.

"Dogo, na je. Na gan ta. Na ga katunan..."

"Na sani."

"Ka yafe min. Zan fasa wayar, wallahi a gabanka zan fasa ta."

"Kar ki fasa, da ita masu makaranta ke nemanki. Ba ta yi min komai ba. Ita ce ta fitar da ni daga daji."

"To ka zauna. Baba ya yarda. Zan yi saƙa dare da rana har ka sami wani aikin."

Ya girgiza kai a hankali.

"Na yafe miki tun ina saman tankar. Ni na sa ta a safa, da hankalina. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Mutum sittin ne a wurin nan, Auta, masu 'ya'ya. Na san haka, na shiga da ita don kar ki yi kuka." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Na faɗa miki gaskiya da bakina ba ki yarda ba, sai da kika je kika gani. Hanya kuwa ba kullum za ki iya zuwa ki gani ba."

"Ba ka so na ke nan..."

"Da ba na son ki ai da ina da aiki."

Ɗan kamasho ya buga jikin motar, ya ce saura mutum ɗaya. Dogo ya ɗauki jakarsa.

Ta riƙe igiyar jakar da hannu biyu.

"Ko lambarka ka bar min."

"Na sayar da wayar. Sai na zauna tukuna."

"To ta yaya zan san ka sauka lafiya?"

Ya dube ta, kallon da ya saba yi mata in ya dawo daga tafiya, ya zare yatsunta daga igiyar ɗaya bayan ɗaya.

"In ba ki ji komai ba, zuciyata, lafiya ce."

Ya sunkuya ya shiga, aka ja ƙofa. Ta tsaya a wurin har motar ta fita daga tasha ta sha kwana, ba ta san ko dama ta yi ko hagu ba, don hawaye sun rufe mata ido.