Karen da Ƙanena Ya Ba Sunansa

Wata Juma'a ce cikin Nuwambar 1987, rana na shirin faɗuwa, ƙanena ya ce in raka shi ɗauko kare. Dawowata ke nan daga asibiti, ko farin takalmin aiki ban cire ba. Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ko kofin da ya sha shayi ba ya iya ɗaurayewa, wai shi ne zai riƙe dabba.

Sunansa Dalyop, sunan kakanmu. Amma shekara biyu da zuwansa Amurka karatun injiniya, sai ya koma Jeri. A gidana yake zaune a garin Silver Spring, yana cin tuwona, yana yi mini Turanci ta hanci. In na kira shi Dalyop a gaban mutane sai ya ɓata rai kamar na zage shi. Yanzu kuma ya ga maƙwabta na jan karnuka da yamma, dole shi ma a gan shi da nasa.

Gidan da ake tara karnukan da aka tsinta a titi yana can bayan gari, a bakin wani kurmi. Wari ne ya fara tarbar mu, zarnin fitsari da maganin wanke ƙasa. Haushi ta ko'ina. Wata Baturiya mai furfura ce ta zaga da mu, tana ta kiran karnukan 'ya'yanta. Na ce a raina, Allah ya sawwaƙe.

A kejin ƙarshe muka same shi. Ja ne, mai dogayen ƙafafu, irin karnukan farauta na gida. Tsalle yake yi, yana juyi, yana bin wutsiyarsa, yana dukan wayar kejin da ƙafafun gaba. Amma ko sau ɗaya bai yi haushi ba. Na kuma lura karnukan da ke kusa duk sun maƙale a can ɗaya kusurwar kejinsu.

"Akwai shi da wasa," in ji matar. "A bakin kurmin nan aka tsince shi. Matsalarsa ɗaya, ba ya amsa suna. Mun gwada sun fi ashirin."

Ta miƙo takarda, da gurbin da za a sa sunan kare. Jeri ya yi 'yar dariya, ya rubuta. Na leƙa, sai na ga Dalyop.

"Kana da hankali kuwa?" na ce da Hausa. "Sunan mutum? Sunan Kaka?"

"Haba Yaya Kaneng, ki yi rilas, ki kwantar da hankalinki. Ni ba na amfani da shi." Ya juya wajen kejin. "Na ba ka, kyauta. Dalyop!"

Karen ya tsaya cak. Ya zauna. Ya ɗago kai a hankali ya ƙare wa Jeri kallo, yadda mai saye ke duban akuya a kasuwa. Baturiyar ta tafa hannu don murna, ni kuwa tsigar jikina ta tashi.

A gida ya hana mu sakat. Ya tattaune silifas ɗina, ya kifar da fitila, ya sace busasshen kifin da na yi wata uku ina tattali. Jeri dariya kawai yake yi. Har ya je aka buga masa ɗan ƙarfe da sunan a jiki, ya rataya a bel ɗin wuyan karen. Na ce masa saura ya saya masa kwat.

Amma da magariba wasan ke ɗaukewa. Karen zai haye kujerar Jeri ya zauna shiru. Ya daina cin abincin gwangwanin da ake sayo masa. Ranar da na dafa gwaten acha, wanda ƙanena ke lashe kwano a kansa tun yana yaro, sai ya ture ya ce bai san mene ne wannan ba. Karen ne ya cinye tas. Wata rana na ambaci unguwarmu a Bukuru, Jeri ya tambaye ni ina ne can. Na ja tsaki, na ɗauka sabon iyayi ne. Raina shi da na yi ne ya rufe mini ido, kuma har gobe abin na ci mini rai.

Sai Constance, abokiyar aikina, ta dawo daga Jos da kaset daga Mamanmu. Mama ba ta rubutu, a kaset take aiko mana da saƙo.

Da yamma na sa shi a rediyo. Ban kunna fitila ba, akwai sauran haske ja a taga. Jeri na zaune a gabana, hannuwansa a kan tebur. Ban ga karen ba.

Muryar Mama ta fito, zakara na cara a bayanta. Ta gaishe ni, ta tambayi sanyi. Sannan ta ce, "Dalyop. Dalyop ɗana, kana jina?" Ta yi shiru tana jira, yadda ta saba, kamar kaset zai amsa mata.

"Na'am, Mama."

Muryar ƙanena ce. Tsohuwar muryarsa ta gida, kafin Turancin hanci.

Amma bakin Jeri a rufe yake. Idonsa na kan bango.

Daga ƙarƙashin tebur muryar ta fito.

Ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙen ganye. Na kai yatsa na kashe rediyon.

"Yaya Kaneng," aka ce a hankali. "Bar ta ta gama mana."

Almakashin aiki na cikin aljihuna. Na durƙusa. Karen na zaune a cikin duhun, bayansa a miƙe kamar mutum. Numfashinsa sanyi ƙalau a fuskata.

Na cafki bel ɗin wuyansa, na datse, ɗan ƙarfen ya rage a hannuna.

"Ba naka ba ne," na ce.

"Ya ba ni," in ji shi. "Kyauta. A gabanki."

Na finciki hannun Jeri. Ƙofa. Matakala. A bayanmu ina jin farata a kan siminti, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Takun ƙafa biyu ne, ba huɗu ba.

Ban waiga ba sai da muka faɗo titi, cikin fitilun motoci. Ba kowa a bakin ƙofar benenmu. A gidan Constance muka kwana. Da safe muka tarar da ƙofa a buɗe, babu kare. Ɗan ƙarfen nan da na ƙanƙame a hannuna kuwa sumul yake, ko harafi ɗaya babu.

Jeri ya gama karatunsa, ya samu aiki a garin Largo. Yana ci, yana sha, mutane na yabon natsuwarsa. In na kira shi Dalyop ba ya ɓata rai yanzu, don ba ya ma ji.

Kirsimetin 1989 na kai shi gida. Mama ta fito da gudu, zaninta na kwancewa, ta kira shi sau uku. Yana tsaye da jaka a hannu, yana murmushi irin na wanda ya zo gidan mutane. Ta shafa fuskarsa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo gare ni.

"Kaneng, ki shigar da baƙon nan ya sha ruwa," ta ce. "Ina kika baro mini Dalyop?"