Hannu a Bakin Fanka

Da aka ɗauke wuta, Yaya Uwani ta tara 'ya'yan kawunta a kan tabarma. Ta sassauta murya.

"Kada wanda ya ce ta zo mu ji ta. Wannan ba tatsuniya ba ce."

Kubura ɗaliba ce a wata jami'a, tana digiri na biyu a sashen kwamfuta. Aikinta shi ne auna wutar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke ci idan an ba ta ɗan gajeren umarni. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wata mita, kamar ta lantarkin gida. Sai ka duba ta kafin aiki, ka duba bayan aiki, ka cire. Amma umarnin Kubura gajere ne, yana ƙarewa kafin mitar ta motsa. Dole ta sa na'urar ta yi ta maimaita shi sau dubbai, har ta ɗauki zafi, sannan ta raba jimillar da yawan maimaicin.

Lambobin suka ƙi zama. Yau ƙasa, gobe sama, alhali umarnin bai canja ba.

Dakta Maikano, mai duba aikinta, ya ture takardun gefe.

"Kubura, wannan awo ne ko caca? Wa'adinki ya ƙare. Ranar Litinin, in babu awon kirki, za a soke sunanki."

"Dakta, wallahi na kashe komai a na'urar. Ba abin da ke gudu sai nawa."

"To wani yana taɓa ta. Ki je lokacin da ba kowa."

Lokacin da ba kowa shi ne Juma'a da tsakar rana. Maza sun tafi masallaci, masinja ya bar mata makulli. Ɗakin na'urar na can ƙarshen ginin, ita na'urar a ƙasa, bayanta na fuskantar wani lungu mai duhu da ba a sharewa.

Ta kunna. Awo na farko ya yi daidai. Na biyu ma. A na uku lambar ta fara hawa, ƙarar fankar na'urar ta canja, kamar an toshe mata baki. Kubura ta dafe kai, hawaye na ɗiga a kan tebur.

Sai ta ji ƙauri. Ba na waya ba. Na fata.

"'Yar nan."

Muryar daga bayanta ta fito. Ta juya, ba kowa. Ta dawo da kai, sai ga mace a gabanta, tsugune a lungun, da goyo. Zanenta tsoho, fuskarta a sunkuye. Ƙofa kuwa a kulle take, makullin na cikin jakar Kubura.

"Inna, ta ina kika shigo?"

"Ke kika shigo."

Bakin matar na motsi a gaba, maganar na zuwa ta ƙeya. Kubura ta kai ido ƙasa. Yatsun ƙafar suna kallon bango, dugadugai suna kallonta.

Ta nemi addu'a, harshe ya ƙi juyawa.

"Uwarki ba ta koya miki ba? In za a zubar da ruwan zafi, me ake cewa?"

"Bi... bisimilla. A kau da yara."

"Kin taɓa faɗa a nan?"

"Inna, ai ba ruwa ba ne. Iska ce kawai."

Matar ta ɗago hannun dama. Tun ɗazu yana kan ramin da fanka ke fitar da zafi. Tafin ya saɓule, ya yi ja.

"Nan yarona ke kwana. Sauran su kunna, su kashe. Ke sai ki yi ta hurawa, ki yi ta hurawa. In ban tare ba, a fuskarsa yake sauka."

Nan take Kubura ta gane. An toshe iska, ƙwaƙwalwa ta yi zafi, ta ƙara cin wuta. Duk watannin nan, hannun wata uwa take aunawa.

Ta zube a ƙasa.

"Ki yafe mini, ban sani ba. Amma in ban gama yau ba, an kore ni. Mahaifina ya faɗa wa duk garinmu ina dawowa da digiri. Ki ɗan ɗaga shi, Inna. Yau kaɗai."

"Ba ya tashi. Ba shi da lafiya."

"To in juya na'urar."

"Ko'ina da masu shi."

Daga nesa liman ya fara huɗuba. Da an sallame, mutane za su cika ɗakin, awo ya lalace.

"Inna, me zan yi?"

Matar ta waiwaya ta dubi goyonta. Goyon ya yi wani nishi, irin na tsoho.

"Zan janye hannuna. Zafin kuwa sai ya sami wurin zuwa. Miƙo naki."

Kubura ta dubi allon. Ta dubi tafin nan da ya saɓule. Ta miƙa hannunta na dama.

Yatsun matar sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Matar ta riƙe ta gam. Da hagu Kubura ta danna, ta ce bisimilla. Fanka ta saki murya. Zafi ya bi hannunta, ya haura kafaɗa, ya shiga ƙirji. Ta ciji mayafinta don kada ta yi ihu. Lamba ta fito. Ta sake dannawa. Lamba ta fito, kusa da ta farko. Ta sake. Ta sake. Gumi ya rufe mata ido, ba ta saki ba sai da awon ƙarshe ya sauka.

Masinja ne ya ɓalle ƙofar. Ya same ta kwance, ita kaɗai, hannunta a miƙe cikin lungu.

Yaya Uwani ta gyara zama a kan tabarmar. Sagiru, ƙaramin cikinsu, ya matso kusa da ita.

"Yaya, ta ci?"

"Ta ci. Har yabonta aka yi."

"To ai shi ke nan."

"Zafin bai fita ba, Sagiru. Likitoci sun duba, ba su ga komai ba. Ko ruwan randa ta riƙe, sai ya yi ɗumi. Bara ta haihu. Har yau ba ta taɓa ɗaukar 'yar da hannun dama ba."

Ta ƙara sassauta murya.

"Saboda haka, in kun girma kun je can, aka ce ku shiga ɗakin nan lokacin da ba kowa, ku nemi abokin tafiya. Babu lokacin da ba kowa."