An Ce Ba Za a San Mai Amsa Ba

A ɗakin injina Auta ta fara ganinsa. Ofishin kula da ma'aikata ne ya tura ta da 'yan gajerun tambayoyi, wai kamfanin buga littattafan na son sanin ko ana damawa da kowa. Ta yi ta sallama, bai waigo ba. Sai da ta tsaya gabansa ya ɗago, ya nuna kunnensa yana murmushi. Kurma ne tun yana yaro. Bakanike ake ce masa, shi ke gyaran injinan.

Ya karɓi wayarta ya rubuta: "Yi haƙuri. Da wannan ƙarar kowa kurma ne a nan, ni dai na riga su ne."

Ta yi dariya har da riƙe baki. Ya sake rubutawa: "In na faɗi gaskiya, za a gane ni ne?"

"Ba a sa suna. Na yi maka alkawari," ta mayar.

Sai ya amsa tsakani da Allah: in ana taro ba mai rubuta masa abin da aka ce, zama yake yi kamar kujera.

Daga ranar saƙonninsu ba su yanke ba.

"Sanyin idona, na ga kin ɗaga murya a taro yau. Ban san me kika ce ba, amma ina bayanki."

"Ko da kai nake zagi, Nawa?"

"To na cancanta ke nan."

Da maganar soyayyarsu ta kai gida, mahaifinta Abba ya ajiye tabaraunsa. "Auta, mutumin da ko gobara ta tashi ba zai ji ihunki ba? Kada in ƙara jin zancen nan."

Ana cikin haka sakamakon tambayoyin ya faɗa hannun mataimakin manaja, wanda ya daɗe yana neman Auta tana kauce masa. Kurma ɗaya ne a kamfanin, ba sai an yi duba ba. Ba a jima ba aka sallami Bakanike, wai rage ma'aikata ake yi.

Saƙonsa ya shigo mata da rana tsaka: "Kin ce ba za a sani ba. Na gode."

Ta tura amsa ta fi a ƙirga, shiru. Ta je wajen manaja, ya nuna mata rahoto mai kyan launi, ya ce yawancin ma'aikata sun gamsu. Nan take ta ajiye katin aikinta ta fito, idonta jawur.

Da ta je gidansu, innarsa ce ta shigar da ita. Yana zaune a tsakar gida yana kwance fankar maƙwabta, ya rame. Auta ta durƙusa inda zai ga leɓɓanta.

"Wallahi ban ba da sunanka ba. Ni ma na bar musu aikin."

Ya ajiye fankar gefe. Sannan ya yi magana da muryarsa mai kauri, wadda bai cika bari a ji ba: "Yanzu mu biyu ke nan a zaune. Haba, Sanyina."

A gidan su Auta kuwa, Goggo, ƙanwar Abba, ita ta shiga maganar aurensu. "Yaya, mijina kunnuwansa garau suke. Yaushe ya taɓa jin abin da na ce?"

Abba bai yi dariya ba. Sai da aka yi watanni, ya ga 'yarsa na ta ramewa, sannan ya amince, ransa ba daɗi.

An ɗaura aure ba hayaniya, dukansu ba mai aiki, kuma ko mutum ɗaya bai zo daga kamfanin ba. Da suka durƙusa yi masa sallama, Abba ya fara addu'a kansa a sunkuye.

"Abba," in ji Auta a hankali, "ɗago ya ga bakinka."

Tsohon ya ɗago, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya furta kalma ɗaya bayan ɗaya: "Ga amana nan, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya buɗa muku."

"Amin, Abba," in ji Bakanike.