Mutuwar Runa

"Ya sa hannu..."

Majken ta faɗa tana kallon wayarta.

Yayarta Gunnel ba ta ko waiwayo ba, ta ci gaba da feren dankalinta. "Wa ya sa hannu a me?"

"Sixten! Ya amince a kashe ni!"

"Ke, ko waccan matar ta daji?"

"Runa..." ta faɗa a hankali.

Runa ita ce matar da Majken ke komawa duk bazara, idan ƙungiyarsu ta shiga dajin bayan garin Uppsala, suka sa tufafin mutanen da, suka rataya takubban soso, suka yi kwanaki suna wasan rayuwa a matsayin mutanen Kwarin Toka, ƙasar da suka ƙirƙira da kansu. Abin da ya faru a daji a shafinsu na intanet ake rubuta shi, abin da ya hau shafin kuwa ya zama tarihi, ba mai goge shi. Sai dai ba a kashe kowa sai da yardarsa da ta abokin labarinsa.

A can Runa mai magani ce, matar Maharbi. Maharbin kuwa Sixten ne, wani ɗan ƙungiyar. Shafinsu ya fi na kowa tsawo, ta rubuta nata ya ɗora nasa, har 'yan ƙungiya na cewa in kana son kuka mai daɗi, je ka karanta Runa da Maharbi.

Yau ga shi Ylva, mai kula da shafin, ta shigar da shawara: zazzaɓin hunturu ya ɗauke Runa, Maharbi ya auri 'yar sarkin kwari. 'Yar sarkin kuwa ita ce Ylvar.

Gunnel ta ajiye wuƙa.

"Ƙanwata, shekara nawa kina auren mutum a daji? Ranar da muka binne Mama, ya zo?"

"Ya rubuta..."

"Ya rubuta! Wa ya rubuta wa?"

Majken ta sunkuyar da kai. A makon ne ya rubuta yadda Maharbi ya riƙe hannun Runa a bakin kabarin mahaifiyarta. Shi ta riƙa karantawa tana samun sauƙi.

"Ni ban hana ki wasa ba," in ji Gunnel. "Amma mijin soso ba ya shiga gidan nan. Je ki tambaye shi, ke da bakinki, ba da hular Runa ba."

Ɗakin ƙungiyar a ƙarƙashin wani tsohon bene yake, kullum warin gam da kofi. Ylva ta tarbi Majken da murmushin da iyakarsa leɓe.

"A'a, marigayiya da kanta! Ga burodin kirfa, ci kafin zazzaɓin ya kama ki."

"Ina Sixten?"

"Haba Majken, kar ki ɗauka da zafi. Don labarin ne. Mutane sun gaji da ma'auratan da ba sa faɗa."

"Na ce ina yake?"

Yana can lungu, ya duƙufa yana liƙe wata garkuwa. Babu gemun Maharbi, babu alkyabbar fata. Wani dogo ne mai tabarau, rigar wurin aikinsa na gyaran kekuna ma bai cire ba. Da ya gan ta sai ya miƙe, gam na ɗiga a takalminsa.

"Me ya sa?" ta tambaye shi.

"Ai... ke kika so."

"Ni?!"

"Ylva ta ce kin gaji. Ta ce kina son fita, kunyar faɗa mini kike ji."

Majken ta juya. Ylva ta ɗaga kafaɗa tana kurɓar kofi. "Cewa na yi kamar ta gaji. Ku duba idanunta mana."

"Fita ki ba mu wuri," in ji Sixten.

Bai taɓa yi wa kowa magana haka ba. Ylva ta ɗauki jakarta ta haye sama. Yau dai, Majken ta raya a ranta... yau zai faɗa yana sonta.

"Ki yafe mini," ya ce. "Yanzu zan janye hannuna. Wallahi kwana biyun nan ko abinci ba na iya ci. Ba zan iya rasa ki ba, Runa."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara.

"Sunana Majken."

"Na sani, bakina ne..."

"To faɗa wa Majken."

"Me?"

"Abin da kake rubutawa. Hasken idona, rabin raina, duk wannan. Ga ni a gabanka, ba tanti, ba takobi. Faɗa mini ko ɗaya!"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ranar Lahadi Gunnel za ta dafa miyar wake," ta ce, hawaye na gangaro mata. "Ka zo. Ka zauna a teburinmu, ta yi maka tambayoyin ƙure, ka zubar da miya a riga. Iyakar abin da nake roƙo ke nan, Sixten."

"Majken... Maharbi jarumi ne. Ni mai faci ne. In kika zauna da ni wata guda za ki tsane ni, daga nan mu rasa duka biyun."

"Bar ni in tsane ka ɗin mana! Ai haƙƙina ne!"

"Abin da muke da shi ba wanda yake da irinsa. Me zai sa mu kai shi inda ake wanke-wanke da biyan haya? Zai lalace."

"Kana sona?"

Ya kalli garkuwar da ya ajiye.

"Ina son abin da muke rubutawa," ya faɗa da ƙyar. "Fiye da komai a rayuwata."

Gaskiya ya faɗa, ta gani a fuskarsa. Da ƙarya ce ma da ta fi sauƙin haɗiya.

"Kar ka janye hannunka," ta ce.

"Majken, don Allah..."

"Amma ba Ylva ce za ta rubuta ba. Ni na haife ta, ni zan binne ta."

Washegari da hantsi ta zauna ta rubuta. Ba ta yarda da zazzaɓi ba. Runa ta fita neman saiwar magani a kan tafkin da ya daskare, ta yi ta kiran mijinta daga tsakiya, shi kuwa yana bakin gaɓa yana jin ta, yana tsoron taka ƙanƙarar. Ta danna, ya hau shafi.

Kafin azahar saƙonni sun cika. Wannan ya ce ya yi kuka a ofis, waccan ta ce ba a taɓa rubutu mai kyan wannan ba a tarihin Kwarin Toka. Har Ylva ta aiko da hoton zuciya.

Lahadi ta zo ta wuce, Sixten bai zo ba. Gunnel ta kwashe farantin da ta ƙara dominsa.

Ranar Talata Majken na ɗakin wanki na benensu, tana jiran inji ya gama juyi, wayarta ta yi ƙara. Ba kira ba ne. Sixten ya ɗora nasa a shafi: makokin Maharbi.

Ta karanta a tsaye. Komai na ciki. Ya kira ta numfashinsa, ya ce shi matsoraci ne, ya ce da za a dawo masa da ranar da ya taka ƙanƙarar ko da za ta haɗiye su tare. Duk kalmar da ta yi shekaru tana jira, ga ta nan, an jera ta tsaf don mutum ɗari su karanta.

Gidansa kuwa tafiyar keke ce kaɗan daga nan.

Ta zame ta zauna a ƙasa, kuka ya ƙwace mata. Maƙwabciyarsu Fru Ekdahl, wata tsohuwa, ta shigo da kwandon wanki ta tsaya turus.

"Ayya 'yar nan, rasuwa aka yi?"

Majken ta gyaɗa kai.

"Sannu... ta sha wahala?"

"A'a," ta ce tana share fuska da bayan hannu. "Ita ta yi sa'a. Mijinta na sonta."